Yadda Muka Kwashe Bidunan Gwaggo Delu a Kwara

Wuya na sha. Duk wanda ya ce muku na je Gaya shan iska cikin jirgin ruwa, ku ce ya zo ya ga tafin hannuna. Tun da na dawo ba ni da sakat. A bakin majami'a a tambaye ni, a kasuwar Baudeta a tambaye ni, har wanda da can ba ya gaishe ni yanzu sai ya tsaya ya ce, "Iliya, wai da gaske ruwan ba ya ƙarewa?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na karɓi ragowar kaye, littafin rubutun makaranta, wurin ɗiyata na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba a karanta mishi.

Kun san yadda bara ta yi mana. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Kafin bazara rumbu ya zama ɗakin ɓera, ɓeran ma ya yi ƙaura. Irin da na rataye a rufin ɗaki, wanda na rantse ba mai taɓa shi, ni da hannuna na sauko da shi na miƙa wa matata Saratu ta daka. Ke nan ko ruwa ya sauka gobe, ba ni da ƙwaya ɗaya da zan sa a ƙasa.

Ana haka fasto ya yi shela ran Lahadi cewa akwai wani furoje, wato aikin gwamnati, a Gaya. Kwara, babban kogin can, ta ja baya, sharar shekaru ta fito fili tana toshe injinan ban-ruwan shinkafa, sojan da ke riƙe da ƙasa kuma sun ce a kwashe. Kwana ashirin, buhun shinkafa ɗaya. Na yi tunani: rabin buhu in na kai Tasawa zai koma irin gero, rabi mu ci. Ban nemi shawarar kowa ba sai ta Sambo, Bafillacen da shanunsa ke kwana gonata bayan girbi shekara da shekaru. Cikin garkensa saura biyu, su ma ƙashi da fata. Ya bar su wurin ƙanensa, ya ɗauki sandarsa ya ce, "Mu je, Kaɗo. In ruwa ya cinye ka, a samu mai kawo labari."

Amalanken jaki ya kai mu Tasawa. A tasha muka samu kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa kudu, an loda mishi fatun shanu har sama, mu kuma a kan fatun. Warin ba na faɗa ba ne. Sambo dai tun daga Tasawa har Maraɗi yana ɗaga fata yana dubawa. Ya kan ce, "Wagga kamar ta saniyata Bage." Na ce, "Bage ai kura ta ci, ni na nuna maka wurin." Ya ce, "To ƙanwarta ce." Daga nan na bar shi.

Kowane gari akwai bariya, shingen jandarma. A sauko, a jeru, a nuna kati, a hau. Zamanin soja ba a wasa da jandarma, ko tari ya zo maka ka haɗiye. Taya ta fashe mana kusa da Ƙonni, ta sake fashewa bayan Dogon Dutsi, direba ya zagi tayar, ya zagi wanda ya sayar mishi, ya zagi fatun. Kwana biyu muka yi kafin Doso, a na uku muka shiga Gaya, duk wanda muka gitta sai ya toshe hanci.

Da muka ga ruwan, Sambo ya dogara da sandarsa yana bin shi da ido daga wannan gaɓa zuwa waccan. Can ya ce, "Kaɗo, wanga ruwa duka ba mai shi?" Su kuwa mutanen garin kuka suke yi wai Kwara ta ƙafe. Mu da muke jan igiya gaba talatin don guga ɗaya, ga mutane suna wanke jaki cikin ruwa suna cewa fari ya kashe su.

An sauke mu cikin wata magaza ta ajiyar shinkafa, mu kusan arba'in, 'yan cin rani daga ko'ina. Sauron can ba ya kuka kamar namu, aiki kawai yake yi. Abinci shinkafa da kifi da safe, kifi da shinkafa da marece. Fura kuwa in ka samu, ruwa ne aka nuna mishi gero daga nesa. Sambo ya ce shi ba zai ci abin da ba ƙafa ba kunne ba. Ya yi mako yana cin gayan shinkafa. Ran kwana na goma na same shi ya juya baya yana tsotsar kan tarwaɗa. Ya ce, "Magani ne." Na ce, "Allah ya ba da lafiya."

Mai kula da aikin wani kafaran ne na soja, gajere mai usur da takarda. Sunana bai taɓa zama bakinsa ba, "Tasawa" yake kirana. Ya raba mu biyu-biyu, kowane biyu da kwalekwale da mai tuƙi. Namu Mamman ne, Basarke, wato cikin masuntan da aka haifa a bakin ruwa. Ran farko ya ce mini, "Ɗan tudu, doka ɗaya ce: kar ka tashi tsaye." Muna barin gaɓa na hango leda, na tashi tsaye. Ban san sa'ad da na tsinci kaina cikin ruwa ba. Ina kiran Yesu, Sambo yana salati, kowa yana kiran wanda ya sani. Mamman ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Yanzu kam tashi tsaye." Na tashi. Ruwan iya cibiya.

Aikin shi ne mu bi gefen kogi muna tsamo duk abin da ba Allah ya sa shi ciki ba. Baƙar leda ta fi komai yawa, sai gwangwanin tumatir, da batir, da silifa mara 'yar'uwa, da tsumma, da katifa. Mun tsamo mushen jaki, mun tsamo kan keken ɗinki. A cika jirgi, a kai gaɓa, a tara, a sa wuta. Abin da ya fi ci mini rai ƙona taya. A wurinmu taya guda takalmi ne na gida duka, tub ɗinta guga ne, gwangwani fitila ne, kwalba ta man gyaɗa ce. Na ce wa kafaran, "Ranka ya daɗe, wannan ai dukiya ce." Ya ce, "Tasawa, an aiko ka shara ko an aiko ka gado?"

Lahadi ba a aiki, sai na ce bari in ƙetare gada in yi sujada a ƙasar Benin, tunda tsakiyar ruwan nan ita ce iyaka. Ma'aikacin bakin gada ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya ce da irin Hausarsu, "Wannan ba kai ba. Wannan yana da kumatu." Na ce, "Ni ne, kafin fari." Ya kira abokinsa ya nuna mishi, suka yi ta dariya, suka ce in wuce. Majami'arsu kuwa ganga uku, kowa da farin kaya ba takalmi, tsohuwa tana rawa har ƙasa. Mu da fasto ke hararar wanda ya tafa da ƙarfi. Ban ji kalma ɗaya ba sai Amin, amma bayan an tashi wata mata ta ba ni wani farin abu cikin ganye, mai tsami kamar koko ya daskare, da yaji. Na ci biyu, na ɓoye wa Sambo ɗaya.

To ga inda abin ya lalace. Ran kwana na sha shida Mamman ya tafi sunan ɗan ƙanwarsa. Ya ce mu tsaya nan kusa da gaɓa mu yi ta tsintar leda. Mu kuwa a lokacin mun ga mun iya. Sambo yana tura jirgi da doguwar gora kamar yana kora saniya, ni ina riƙe da filafili. Muka ce bari mu haura wata kwana da ba wanda ya taɓa sharewa, mu burge kafaran.

Muna shan kwanar muka ga abin mamaki. Biduna ne, wato jarkokin mai, rawaya da farare, da manyan kwalaben roba, suna yawo bisa ruwa a jere kamar an shuka su. Ba fashewa, ba huda, har da murafunsu. Na ce, "Sambo, mutanen nan Allah zai tambaye su. Bido lafiya lau!" Kun san abin da bido yake a gidajenmu. Mace mai bido biyu ba ta gaida mai tulu. Na kama ɗaya na ja, na ji ya ƙi. Akwai igiya ɗaure da shi ta yi ƙasa. Na ce ta sarƙe da ciyawa ne. Sambo ya zaro wuƙa ya yanke. Na biyu ma igiya. Na uku ma igiya. Mutum mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa me ya sa ciyawar Kwara ta iya ƙulli. Mu sai muka ce sa'a ce. Kafin azahar mun cika jirgi, har ina ware huɗu masu kyau da zan roƙa in kai wa Saratu.

Kafaran da ya gani ya busa usur ya tara mutane. Ya ce, "Ku dubi Tasawa da Bafillace! Haka ake aiki!" Yana cikin yabonmu sai muka ji murya daga bayan taro.

"Ina 'yan tudun? Ina jakunan da suka shiga mini gona?"

Wata tsohuwa ce, doguwa, hayaƙin banda ya rina mata ido, tana tafe da itacen wuta a hannu. Ita ce Gwaggo Delu, mai bandar kifi. Mijinta ya rasu ya bar mata mamari bakwai. Mamari doguwar igiya ce mai ɗaruruwan fatsa, a shimfiɗa ta ƙarƙashin ruwa da duwatsu, bidunan nan su ne ke riƙe da ita, su ne kuma alamar inda take. Mun yanke su duka. Igiyoyin sun nutse cikin gurbi mai zurfi, ba wanda ya san inda ruwa ya ja su.

Ta ɗaga bido ɗaya ta kai mini shi har hanci. "Kai, baban wa, ba ka ga ƙulli ba?"

Na ce, "Na gani, Gwaggo."

"Kifi ne ya ƙulla?"

Na ce, "A'a, Gwaggo."

Ta juya kan Sambo. "Kai kuma mai wuƙa, in na shiga rugarku na yanke dabaibayin shanunka na ce shara ne, me za ka yi mini?"

Sambo ya ce, "Inna, sai dai ki yanke na biyu. Sauran sun huta."

Mutane suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Kafaran kuma yabon da ya yi mana a gaban jama'a shi ya koma mishi ciki. Ya buɗe takarda ya ce jibi da la'asar in mamari bakwai ba su dawo hannun tsohuwa ba, zai soke sunanmu, buhunanmu biyu a ba ta. Ya ce mu gode ma bai kai mu inda ake aske kai kyauta ba.

Na zauna bakin gaɓa. Kwana sha shida na sauro da leda, in koma in ce wa Saratu me? In ce na sayar da shukar bana da bido huɗu?

Mamman ya dawo daga suna ya ji labari. Ya zage mu iya son ransa, sannan ya ce gurbin nan ya fi gaba huɗu, ruwan baƙi ne, mai nutso kuma ba ya shiga inda fatsa ɗari-ɗari ke yawo ba alama. Su in igiya ta ɓace, ja suke yi da dutse da ƙaya, wani lokaci a dace, wani lokaci a haƙura.

Nan na ce, "Gaba huɗu? Gaba huɗu kawai?"

Ni ne mai ciro guga a garinmu, kun sani. In guga ya faɗa rijiya mai gaba talatin, ni ake kira da ƙugiya, in zura, in rufe ido, in ji da yatsa ko dutse na taɓa ko fata. Na tona cikin tulin shara na zaro ƙarafan wani karyayyen gado, na kai wa maƙeri a kasuwa. Na ce ya lanƙwasa mini baki shida, ya dakushe tsinin don kar ya tsinka igiya. Maƙerin ya ce bai taɓa ƙera irinta ba. Na ce, "Ku da ba ku da rijiya, ina za ku sani."

Da sassafe muka fita, Mamman na tuƙi, Gwaggo Delu zaune a tsakiyar jirgi ta ce ba ta yarda da mu ko nan da can ba. Na ce wa Mamman ya riƙa ratsa gurbin a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Na zura ƙugiya, na rufe ido. Gwaggo ta ce, "Barci zai yi mana." Na ji laka. Na ji dutse. Na ciro tukunya, na ciro rabin keke, Sambo ya ce ko ba komai muna kan aikin furoje. Sai wajen hantsi na ji wani abu mai santsi ya hau ƙarfe yana rawa, kamar igiyar guga in ta kwanta a ƙasan rijiya. Na ce, "Tsaya." Na jawo sannu-sannu. Igiya ta fito, fatsa na walƙiya.

Gwaggo ta karɓa ta duba ƙullin ta ce, "Ɗaya." Ko sannu.

Ran nan mun ciro huɗu. Fatsa ta shiga hannuna sau nawa ban ƙirga ba, Mamman yana cire mini yana cewa haka ake zama Basarke. Ta huɗun ce ta kusa kashe ni. Ina ja, abu ya ja ni. Na ce kada ne, na ce a yanke, Sambo ya kai hannu ga wuƙa, Gwaggo ta buge hannun da filafili. "Ka sake yanke mini wani abu, kai zan banda!" Mu uku muka taru muka jawo. Giwan ruwa ce, tsawonta ya kai ɗan maraƙi, ta kwana biyu a maƙale tana jiran wanda za ta huce a kansa. Ta shigo jirgi ta mari Sambo da wutsiya, hularsa ta tafi Benin.

Washegari muka samu biyu kafin azahar. Ta bakwai muka nema har inuwa ta juya, babu. Na ratsa gurbin nan har na san duwatsunsa kamar na gonata. La'asar ta yi, usur ya kira mu.

Kafaran ya ƙirga ya ce, "Shida. Na ce bakwai." Ya ciro alƙalami daga aljihu. Na dubi alƙalamin nan, na ga gonata kwance fari fat har kaka.

Gwaggo Delu ta ce, "Ɗana, mayar da abin rubutunka."

Ya ce, "Inna, doka doka ce."

Ta ce, "Igiyar taka ce ko tawa? Ta bakwai ɗin tun mai gidana na da rai take ruɓe, kunya ce ta hana ni yar da ita. Shinkafa kuwa ina da mai kawo mini. Abin da nake so wancan ne." Ta nuna ƙugiyata. "Da kuma ya nuna wa Mamman yadda ake rufe idon."

Kafaran ya duba hagu ya duba dama, ya ga duk masunta na kallonsa. Ya mayar da alƙalami ya ce, "Tasawa, daga yau ko gawa ka gani da igiya, ka bar ta."

Muka cika kwana ashirin. Aka ba kowa buhunsa, na rungume nawa kamar jariri. Gwaggo ta aiko mana da ƙunshin bandar kifi, da bido ɗaya. Ɗan aiken ya ce ta ce wanda ya huje ne, tunda mun ce muna so.

Dawowa ta fi tafiya tashin hankali, don tun daga Doso muka ga ƙasa jiƙe. A Dogon Dutsi mutane na shuka. A Ƙonni har ya tsiro. Ruwa yana gabanmu, mu muna bayansa cikin motar da ba ta wuce tafiyar raƙumi. Kowace bariya in jandarma ya soki buhuna da ƙarfe don ya ga abin da ke ciki, sai in tara hannu in tare ƙwayar da ta zubo. A Tasawa ban ko sha ruwa ba, na wuce wurin masu hatsi na musanya rabin shinkafar da irin gero, na tauna na ji na bara waccan ne mai kyau. Muka rabu da Sambo a mararraba. Ya ce in kuskura in faɗa wa Fulani ya ci kifi, shanunsa ba su ƙara taka gonata. Ga shi na rubuta, su biyu ne dai.

Na iso gida da marece. Kafin in yi sallama na durƙusa bakin danga na tura yatsa cikin ƙasa. Da sauran laima har gaɓa ta biyu. Saratu ta fito ta ce shekaranjiya aka yi ruwan, kowa ya shuka sai mu. Ta dubi buhu, ta dubi hannuna, ta ce, "Me ya cinye ka haka?" Na ce, "Dafa shinkafa tukuna."

Washegari tun kafin kaji su sauko na ɗauki sungumi. Ina gaba ina sara, Saratu da 'yan mata suna biye suna zuba iri suna takewa. Ƙotar tana shiga cikin raunukan fatsa, ban tsaya ba. Rana na kaiwa tsaka muka gama gonar gabas, na zauna gindin gawo na ce a kawo mini fura ta gaskiya.